Ƙarfen Sabis da Ciwon Daji: Tsoron da Aka Ɗora Inda Bai Dace Ba

Tun da wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001 ake yawo da wata magana, wai ƙarfen sabis yana sa ciwon daji, don haka kada a yarda a kafa shi kusa da gida. Maganar tana da daɗin ji, amma ta yi wa yadda waya ke aiki gurguwar fahimta.

Wayarka ƙaramar tashar rediyo ce. Idan ka buga kira daga Challawa, tana aika saƙo zuwa eriya mafi kusa, daga nan saƙon ya bi wayar ƙarƙashin ƙasa ko ya tsallaka daga ƙarfe zuwa ƙarfe har ya isa cibiyar kamfanin. Igiyar rediyon da ke ɗauke da saƙon dangin ta gidan rediyo ce, ba irin hasken hoton ƙashi na asibiti ba. Ba ta da ƙarfin lalata ƙwayar halitta.

Ga abin da masu maganar suka manta: idan eriya ta yi nisa, waya ƙara ƙarfinta take yi, kamar mai kiran wani daga ƙetaren kogi. Shi ya sa batir ke saurin ƙarewa a cikin masana'anta mai rufin kwano, inda ƙarfe ke tare saƙo. Ka ga ke nan, wanda ya kori eriya daga unguwa, wayar da ke manne a kunnensa ya sa ta ƙara ihu.

Gaskiya ne a 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka igiyar rediyo a rukunin abubuwan da "mai yiwuwa" su jawo cutar, wato hujjar ba ta da ƙarfi, a ci gaba da bincike. Babban nazarin da hukumar ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai ga alaƙa tsakanin waya da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba.

Maƙwabtan ƙarfen sabis suna da koke na gaskiya: ƙarar janareta dare da rana, hayaƙi, da gas ɗin da ke tsiyaya kusa da rijiya. Waɗannan su ya kamata a kai gaban NCC da NESREA.

A Challawa, Sharaɗa da Bompai kuwa, haɗarin da bincike ya daɗe yana nunawa shi ne gurɓataccen ruwan masana'antu. Na kamfanonin jimar fata na Challawa da Sharaɗa, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam, yana gangarawa Kogin Challawa, inda ake noman rani da kamun kifi. Can ya kamata hankalinmu ya koma, kada a bar jaki ana dukan taiki.