Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Sharhi A Kan Masu Hangen Jiragen Baƙi A Zanen Magabata

Tun shekarar 1947, lokacin da matuƙin jirgin sama Kenneth Arnold ya ce ya hangi wasu abubuwa suna keta sararin samaniyar Amurka, ake ta muhawara a kan abin da jaridu suka kira faifai mai tashi. Daga baya wasu suka ce ai magabata ma sun ga irin waɗannan jirage, har sun zana su a jikin duwatsu da wuraren ibada. Manufar wannan sharhi ita ce mu auna wannan da'awa da ma'aunin nazarin fasaha.

Hujjar da suka fi jingina da ita tana cikin Sahara. A 1956 Bafaranshe Henri Lhote ya jagoranci tawagar da ta kwafi zanen duwatsun Tasili, a kudu maso gabashin Aljeriya. A Jabbaren ya tarar da wata sura mai kai kamar ƙwarya, tsawonta ya kai kimanin mita 6, sai ya laƙaba mata sunan gunkin duniyar Mas. A littafinsa na 1968, Erich von Däniken ya ɗauki wannan laƙabi tamkar shaida, ya ce ɗan sama-jannati ne sanye da hular kwano. Haka kuma aka yi wa hoton da Carlo Crivelli ya zana a 1486, na busharar da aka yi wa Nana Maryamu, inda haske ke saukowa daga wata da'ira a sama.

Idan muka ƙura wa wannan da'ira ido, za mu ga gajimare ne da ƙananan fuskokin mala'iku jere a cikinsa, ga kuma kurciya a tsakiyar hasken. Salo ne sananne a majami'un Italiya na wancan zamani, wanda kowane mai ibada ya san ma'anarsa. Surorin Tasili kuwa, manazarta da dama sun fi danganta su da rufe fuska da kwalliyar jiki ta lokutan bukukuwa. Mu mutanen jihar Neja wannan ba zai yi mana wuyar fahimta ba. Duk wanda ya taɓa ganin Ndakogboya na Nufawa, dogon dodon nan na ƙyalle wanda ba shi da fuska ko hannu, ya san cewa da an zana shi a dutse, wani zai rantse roka ce.

Bahaushe ya ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Mu ɗauki allon zayyana da ake yi wa ɗalibi ranar saukar Alƙur'ani, a Limawa ta Minna ko a kowace unguwar malamai. Akwai da'irori cikin da'irori, da layukan da ke fita daga tsakiya, da gidaje masu kusurwa huɗu, ja da kore da rawaya. Wanda bai san tsangaya ba yana iya cewa taswirar wata na'ura ce, alhali mai zayyana ya gaji salon ne daga malaminsa, domin girmama karatu. Kowane zane yana da nahawunsa, kuma wanda bai koye shi ba abin da ke ransa zai karanto.

Bugu da ƙari, mun san yadda mai fasaha ke yi idan ya ga jirgi na haƙiƙa. A 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano. Daga baya, maginan Zariya da Kano suka shiga sa hoton jirgi da mota da keke a goshin zaure, da fukafukai da ƙafafu, yadda ko yaro ba zai yi musu ba. Abin mamaki ba ya sa mai zane ya yi rowar bayani.

Ba mu musanta cewa akwai abubuwan da ake gani a sama a kasa tantance su ba. Rahoton da gwamnatin Amurka ta fitar a 2021 ya duba rahotanni 144, ɗaya kacal ya warware. To amma wannan aikin na'urorin hange ne, tsohon zane ba ya zama shaida a kansa.

Abin da ya fi damunmu shi ne tauye haƙƙi. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya ga kawunan Ife, ya ce aikin mutanen ɓatacciyar ƙasar Atalantis ne, domin ya kasa yarda baƙar fata zai iya. Masu neman baƙi daga sama kusan hanyarsa suka bi, illa sun sauya sunan baƙon. Sukan mai da mai zane tamkar madubi, wanda ba ya tunani, ba ya ƙirƙira, sai dai ya kwafi abin da ya gifta. Saboda haka muna kira ga ɗaliban adabi da al'ada, kafin su tambayi abin da zane ya yi kama da shi, su fara tambayar wa ya yi shi, don wa, kuma da wane salo.