Jinjina ga Masu Farfaɗo da Tsofaffin Waƙoƙi

Aikin injiniyan sauti sai mai haƙuri. A ɗakin naɗar waƙa na Abbey Road da ke Landan, Giles Martin ya zauna da tsofaffin faya-fayen ƙungiyar mawaƙa ta Beatles da mahaifinsa George ya shirya, yana bin su daki-daki kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya fito da amon ganga, ya dawo da murya tsakiya. A 2017 ya sake haɗa kundinsu na Sgt. Pepper na 1967, har kundin ya koma na ɗaya a jerin kundayen waƙa na Birtaniya. Wasu tsofaffin masoya sun ce na da ya fi daɗi, matasa kuwa sun ji kamar jiya aka rera. Masu wannan aiki, Allah ya ƙara basira.