Inda Ido Ya Dosa a Fostar Fim

Matasan da suka iya zane a kwamfuta sun daɗe suna yi wa fostar fim ɗin Hausa kallon raini. Wai tarkace ce, an jibga kawuna biyar, an watsa ja da ruwan ɗorawa. Har a Wudil na ji wasu ɗalibai masu shirin tallan gajeren fim ɗinsu suna cewa irin ta Turawa suke so, baƙin fili da ɗan rubutu a tsakiya. Ban goyi bayansu ba ko kaɗan.

Fostarmu tana da asali. Tun kafin ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, idon Bakano ya saba da fostocin Indiya a ƙofar sinimar Plaza da Marhaba, ya kuma saba da bangon littattafan soyayya. Zamanin kaset, lokacin su Sangaya da Wasila, kwali furodusa ke bugawa ya kai wa dillalan Bata da Ƙofar Wambai, kuɗinsa kuwa yana dawowa ne gwargwadon kwalin da ya tafi. Wanda abincinsa ya rataya a kan hoto ba ya jera fuskoki da ka.

Abin da masu suka ba su lura da shi ba shi ne kallo. Ɗauki fosta ta wancan zamani ka rufe sunan fim ɗin da hannunka. Jarumi na tsakiya, ya ƙura wa mai kallo ido kamar yana neman shawara. Ta damansa ta sunkuyar da kai, mayafi ya rufe rabin goshinta. Ta hagu ba shi take duba ba, ta tsallake kafaɗarsa tana harara wadda ta sunkuya. Can sama ga uwa, an ƙara mata girma fiye da kowa, idonta a ƙasa kan ɗanta. An gama labari ke nan: an san wadda yake so, an san wadda aka zaɓa masa, an san mai iko. Tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta karanta wannan tsaf, domin Bahaushe ya san bambancin kunya da harara da satar kallo tun yana goye. Masu cewa cunkoso ne sun ƙirga kawuna, ba su bi idanu ba.

Ɗalibi ya fi kowa bukatar wannan dabara, tunda ba shi da fuskar Ali Nuhu da za ta sayar masa. Fuskoki biyu sun ishe shi, muddin akwai rigima tsakanin idanunsu. Kada ya tsinci hoton daga cikin bidiyo bayan an gama tacewa, dishi-dishi yake fita. Ranar ɗauka ya ware lokaci, ya tsayar da 'yan wasa cikin kayan wasansu, ya gaya wa kowa inda zai duba.

Ni a wurina fosta abar kan hanya ce, ba ta bangon ofis ba. Za a manna ta a ƙofar Jami'ar Aliko Dangote, da tasha, da teburin mai shayi, inda jama'a ke tururuwa zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a, mai babur yana wucewa a guje. Za ta kuma ƙanƙance a WhatsApp. Baƙin fili da siririn rubutu ɓacewa zai yi a duka wuraren nan, harara kuwa ana hango ta daga tsallaken titi.