Ku bar wa bindigar maharbi tsawonta

Kakana na wajen uwa maharbi ne a Taloka, kuma bindigarsa ta toka in ya tsayar da ita ƙasa, bakinta na kai masa kafaɗa. Da ita yake shiga fadamar gulbin Rima da sanyin asuba ya dawo da dinya ko zabin daji, wani lokaci ya yi kwanaki a gefen dajin Gundumi neman gada. Na tuna da ita ne saboda abin da nake gani yanzu a hannun samarin mafarauta daga Wurno har Goronyo: bindigogi guntaye, wasu ma ba su kai tsawon hannu ba. Ko dai an kai wa maƙeri ya datse, ko tun farko haka aka ce ya ƙera.

Na san dalilinsu, kuma ban raina shi ba. Maharbin yau a kan babur yake tafiya, doguwar bindiga kuwa tana saƙale rassa, tana dukan ƙafar wanda aka goya. Tana da nauyi. Ga kuma halin da gabashin Sakkwato ke ciki, inda mutum ba ya son a hango shi daga nesa ɗauke da makami.

Duk da haka ina ganin asara ce. Albarushi ba ya cinyewa a ƙiftawar ido guda. Yana ci ne yana tura harsashi muddin harsashin na cikin bututu, to in bututun ya ƙare da wuri, sauran ƙarfin a iska yake tashi, ya zama ƙara da wuta da hayaƙi. Shi ya sa guntuwar bindiga ta fi tsawa amma ba ta kai doguwa cin nisa ba, kuma kunnen mai ita ne ke biyan kuɗin wannan tsawar. Saiti ma haka: in ido yana bin dogon ƙarfe, karkacewa kaɗan sai ta bayyana, mutum ya gyara kafin ya taɓa kunama.

Ba mu kaɗai ke wannan gardama ba. Masu farautar tumakin dutse a Amurka da Kanada, waɗanda ke hawan tsaunuka da kaya a baya, sun daɗe suna ja-in-ja a kai. Manyan harsasansu irin 7mm Remington Magnum da ya fito a 1962 da .300 Winchester Magnum na 1963 suna ɗauke da albarushi mai yawa, don haka aka saba yi musu bututu mai inci 24 zuwa 26. Mai son sauƙin kaya yakan sauko zuwa 22 ko 20, amma ya san kowane inci da ya yanke yana rage gudun harsashi da kimanin ƙafa 20 zuwa 40 a sakan ɗaya. Sukan auna da na'ura su san abin da suka bayar. Namu yaron da ido kawai yake cewa a rage masa kamu ɗaya, alhali albarushinsa na gida bai kai nasu ƙarfi ba ko kusa.

Wadda ke shan wahalar wannan ragi ita ce dabbar. Harbin da bai da ƙarfin kayar da gada nan take sai ya karya mata ƙafa, ta shige duhuwa da jini, ta kwana biyu tana jan jiki kafin ta mutu inda ba wanda zai yanka ta. Kakana in ya ji an bar dabba da rauni ransa ɓaci yake yi ƙwarai. Yakan ce mini, “Jikana, in ba ka tabbata za ta faɗi ba, bar ta ta tafi da lafiyarta.”

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Dokar makamai ta 1959 ta amince da bindigar da ake ɗurawa ta baki, in mai ita ya karɓi lasisi daga kwamishinan 'yan sandan jiharsa. Maharbi mutum ne sananne, yana ƙarƙashin Sarkin Dawa, yana ratsa gari da bindigarsa a kafaɗa kowa na gani. Tsawon nan shi ne shaidarsa. Bindigar da ke shiga ƙarƙashin riga kuwa, sojan da ya tare ka a hanyar Rabah ba zai ɗauka zomo kake nema ba, kuma a wannan zamani ba zan ga laifinsa ba.

In nauyi ne matsalar, a sassaƙe ƙotar, a sa mata maratayi na fata mai faɗi. Ina roƙon maƙeranmu, in yaro ya zo da bindigar ubansa yana so a datse, su fara tura shi wurin Sarkin Dawa.