Yanka makulli daban, saita shi daban

Jama'a, jiya na ga wani allon talla a bakin tasha: "Muna yanka makulin mota, ze tada kowace mota."

Gyara na farko: makulli ne, da "l" biyu, domin daga "kulle" ya fito. Na biyu: "zai tada" ake rubutawa, "ze" a baki kawai take.

Amma babban kuskuren a ma'ana yake. Yanka aikin ƙarfe ne kawai. Motocin zamani kuwa suna da na'urar hana sata, wato imobilaiza. A cikin kan makullin akwai 'yar na'ura mai lambar sirri, idan motar ba ta gane lambar ba, inji ba zai tashi ba. Yankakken makulli zai buɗe ƙofa, amma galibi sai an jona kwamfuta a motar an saita shi kafin ya tayar da ita.

Wanda ya biya kuɗin "yanka" ya adana makullin ko-ta-kwana, ranar da na asali ya ɓata zai gane bambancin.

Da sai a rubuta: "Muna yanka makullin mota, muna kuma saita shi."

Ku a garinku me kuke cewa, saitawa ko haɗawa?