Bulala da sarauniya: mulkin mallaka cikin wasan Nil Darpan

A wannan ɗan nazari za mu dubi wasan kwaikwayo guda, wato Nil Darpan, "Madubin Shuni", wanda Dinabandhu Mitra ya rubuta da harshen Bengali, aka buga shi a Daka a 1860, lokacin boren manoman baba a ƙasar Bengal. Turawan Ingila masu masana'antun shuni suna ɗora wa manomi bashi tun kafin shuka, sa'an nan su tilasta masa noman baba a gonar da ya kamata ya shuka shinkafa.

Akasarin masu sharhi sun tsaya kan zaluncin da ido ke gani, kuma yana da yawa. Nasara biyu, Wood da Rogue, suna riƙe da bulala, ta Wood mai suna Shamcand. Dattijo Golok Basu ya rataye kansa a kurkuku. Matarsa Sabitri ta haukace har ta kashe surukarta. A ganinmu wannan sashe bai fi sauran ƙarfi ba: gawa ta yi yawa a ƙarshen wasan, har tausayin mai kallo ya gaji.

Inda Mitra ya yi gwaninta shi ne wajen Gopinat, wakilin Nasara. Ana zaginsa, ana shurinsa, ya tashi ya karkaɗe riga ya je ya nuna wa ubangidansa gonar da za a ƙwace. Ba sai an tsaya kansa da bulala ba, tsoron ya riga ya zauna masa a ciki. Mai nazarin harshe zai lura kuma da rabon bakin magana: manoma irin su Torap suna karin ƙauye mai rai, masu ilimi kuwa Bengalinsu na littafi ne, mai nauyi, kamar an ɗaure masu harshe. Torap yana iya kai hannu jikin Nasara.

Amma shi kansa marubucin bai kuɓuta ba. A gabatarwarsa ya yabi sarauniya Biktoriya da gwamna Canning, yana sa ran su ne za su share wa manoma hawaye. Wato mugun Nasara yake ƙara a gaban Nasaran kirki, bai taɓa tushen mulkin ba. Abin da Ashis Nandy ya bayyana ke nan a 1983, da ya kira mulkin mallaka abokin gaba na cikin gida. Wanda ya karanta Fanon ba zai ji baƙon abu ba.

Hukuma dai ba ta saka wa wasan da alheri ba. A 1861 aka ci Fasto James Long tarar rupi 1000 da ɗaurin wata guda saboda buga fassarar Ingilishi. An nuna wasan a dandalin Kalkata a 1872, a 1876 kuma aka kafa dokar da ta ba gwamnati ikon hana duk wasan da ta ga zai tada hankalin jama'a.