Sunan da Ke Kan Hannu

Na tashi daga Changli na je ganin Nkrumah Voli-ni a nan Tamale. Rumbun siminti ne na zamanin Nkrumah, wanda aka watsar bayan juyin mulkin 1966. Ibrahim Mahama, ɗan garin nan, ya saye shi, ya buɗe wa jama'a a 2021. Ko jemagun ciki bai kora ba.

Ginin ya tuna mini da hotunansa da na taɓa gani: hannuwan 'yan ci-rani na arewa bisa tsofaffin taswirori. A jikin fata an zana sunan mutum ko na danginsa, domin in ya mutu a kudu a san inda za a kai gawa. Babu fuska, amma akwai suna. Wannan ya fi tsofaffin hotunan Turawa, masu fuskokinmu ba sunayenmu.

Abu ɗaya ke damuna. Hotunan sun zagaya Turai, irin masu hannuwan kuwa suna dako a Ankara da Kumasi. Ranar da 'ya'yansu suka tsaya gaban hotunan a gida, ranar ce rumbu ya cika. 'Yan'uwa, ku je ku duba.